Lantarki daga tuƙar rake: Abin da tsibirai za su koya wa Makarfi, Kudan da Ikara

Daga watan Nuwamba har zuwa ƙarshen hunturu, duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano zai yi ta cin karo da manyan motoci shaƙe da rake, suna fitowa daga fadamun Makarfi da Kudan da Ikara, a arewacin jihar Kaduna. Wasu su nufi Kano, wasu Abuja da Legas, wasu kuma su tsallaka iyaka zuwa jamhuriyar Nijar.

A da yawa daga cikin ƙauyukan da raken ke fitowa, wutar lantarki baƙuwa ce. Wasu ba a kai musu turaku ba har yanzu, wasu kuma an kai, amma sai a yi kwanaki ba a ga ƙyallinta ba.

A can tsakiyar tekun Indiya kuwa, akwai tsibirai biyu, Mauritius da Reunion, waɗanda suka shafe shekaru gommai suna samun wani kaso na lantarkinsu daga abin da ya rage bayan an matse ruwan rake. Wannan ne ya sa a duk lokacin da aka tashi maganar makamashin da ake sabuntawa a arewacin Najeriya, akan ji ana tambaya: me zai hana ƙasar Makarfi, wadda ta yi suna da noman rake, ta haskaka kanta da shi?

Amsar tana cikin yadda ake sayar da raken Makarfi, da kuma inda ragowarsa ke ƙarewa.

Mene ne bayomas?

Kalmar da masana ke amfani da ita ita ce bayomas, wato duk wani abu da ya fito daga tsiro ko dabba wanda za a iya ƙonawa ko a sarrafa a sami makamashi. Itacen girki yana ciki, haka gawayi, da karan dawa, da totuwar masara, da ɓuntun shinkafa, da ɓawon gyaɗa, da kashin shanu. Ke nan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Mafi yawan abincin da ake ci a karkara da shi ake dafawa.

Ana lasafta shi cikin makamashin da ake sabuntawa ne saboda abin da aka ƙone bana zai sake tsirowa baɗi, kuma sabon tsiron zai zuƙe iskar kabon kwatankwacin wadda aka saki a lokacin ƙonawa. Wannan lissafi yana tafiya daidai idan ragowar amfanin gona ce ake ƙonawa. Idan kuwa daji ake sarewa ba tare da an dasa ba, to sunan kawai ya rage.

Hanyoyi uku ake bi wajen mai da shi lantarki. Ta farko, kuma wadda ta fi daɗewa, ita ce a ƙona shi a ƙarƙashin babbar tukunyar ƙarfe, ruwa ya tafasa, tururinsa ya juya farfelar da ke haɗe da janareta. Ta biyu ita ce a turara shi cikin rufaffen tanderu da iska 'yar kaɗan, ya fitar da iskar gas mai cin wuta, a tace ta a ba inji ya sha a maimakon mai. Ta uku ita ce a zuba kashin dabbobi da ruwa cikin rufaffen rami, ya ruɓe ya fitar da gas. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana gwajin wannan hanya ta uku, sai dai ta fi dacewa da girki da ƙananan buƙatu.

Tsibiran rake sun dogara ne a kan hanya ta farko.

Yadda tsibiran suka yi

Ƙaramin tsibiri mai nisa da gaɓar teku ba shi da maƙwabcin da zai ja wa waya ya sayi wuta a hannunsa. Abin da ya samar shi zai sha. Mauritius, mai mutane kimanin miliyan 1 da dubu 200, ba ta da man fetur, ba ta da kwal, ba ta da iskar gas a ƙarƙashin ƙasa. Duk abin da za ta ƙona sai jirgin ruwa ya kawo, a kuma biya da kuɗin waje. Abin da take da shi tun zamanin mulkin Faransa da na Ingila shi ne rake.

Idan aka matse tan guda na rake a babbar masana'anta, akan sami kilo 250 zuwa 300 na ragowar ɓawo da zare, abin da Bahaushe ke kira tuƙa idan da haƙori aka yi matsar. Kusan rabin nauyinta ruwa ne, amma duk da haka tana cin wuta. Masana'antun sukari a ko'ina cikin duniya da ita suke tafasa ruwan rake, da ita kuma suke juya injunansu. A zamanin da, ana ma gina tukwanen tururin ne yadda za su cinye tuƙar da yawa, domin kada ta taru ta zama bola.

Tun a 1957 wata masana'antar sukari a Mauritius ta fara sayar da rarar wutarta ga hukumar lantarkin tsibirin. Tsadar mai ta shekarun 1970 ta ƙara zaburar da gwamnati, kuma a 1991 ta ƙaddamar da shiri na musamman na bunƙasa lantarki daga tuƙar rake. Shirin ya tsaya ne a kan abubuwa uku: a haɗe ƙananan masana'antu su zama manya, a sauya tsofaffin tukwane da masu matsanancin ƙarfin tururi, sannan hukumar lantarki ta sa hannu a yarjejeniyar sayen wutar na tsawon shekaru a kan farashin da aka sani. Masana'antun sukari da suka kai ashirin a shekarun 1980 suka yi ta raguwa har suka koma uku.

Bambancin da sabuwar tukunya ke kawowa ba ƙarami ba ne. Tsohuwar masana'anta da ƙyar take samar da abin da zai ishe ta. Tashar Belle Vue, wadda ta fara aiki a shekarar 2000 da ƙarfin megawat 70, takan fitar da rarar wuta sama da kilowat-awa 100 daga tuƙar kowane tan na rake, bayan masana'antar ta ɗauki nata tururin.

Tsibirin Reunion, wanda yanki ne na ƙasar Faransa, ya riga Mauritius gina irin wannan tasha. A 1992 aka buɗe ta Bois-Rouge a jikin masana'antar sukari, bayan 'yan shekaru kuma aka buɗe ta biyu a Le Gol.

To sai dai akwai wani ɓangare na labarin da masu yabon tsibiran ba su cika ambata ba. Ana girbin rake ne na kimanin wata shida, daga tsakiyar shekara zuwa Disamba. A sauran watannin, waɗannan tashoshi kwal suke ƙonawa, wanda akasari daga kudancin Afirka ake sayo shi. Ba don kwal ɗin ba da tashoshin sun zauna rabin shekara a kulle, da kuma ba wanda zai zuba musu jari. A Mauritius, wutar da ake samu daga kwal ta zarce ta tuƙar nesa ba kusa ba. A Reunion an daina ƙona kwal a tashoshin biyu tsakanin 2023 da 2024, amma abin da ya maye gurbinsa shi ne dunƙulallen garin katako da ake shigowa da mafi yawansa ta jirgin ruwa daga ƙasashen waje.

Haka kuma wutar tana tafiya ne da ƙafar sukari. Lokacin da tarayyar Turai ta zaftare kashi 36 cikin ɗari na farashin da take sayen sukarin tsoffin ƙasashen da ta raina, tsakanin 2006 da 2009, manoma da dama a Mauritius sun bar noman rake. Raken da ake girbewa, wanda a da yakan haura tan miliyan 5 a shekara, ya sauko ƙasa da miliyan 3 a farkon shekarun 2020, kason tuƙar a lantarkin ƙasar ma ya bi shi ƙasa. A tsibirin Maui na jihar Hawai ta Amurka, masana'antar sukari ta ƙarshe, wadda ta daɗe tana sayar wa jama'a rarar wutarta, ta rufe a ƙarshen 2016, wutar tuƙa ta tafi tare da ita.

Tsibiri a kan tudu

Makarfi da Kudan da Ikara ba su ga teku ba. Ƙananan hukumomi ne uku na masarautar Zazzau, a kan iyakar Kaduna da Kano, Kudan kuma ta taɓa har da Katsina. A ƙidayar 2006 jama'arsu a haɗe ta kusa rabin miliyan.

Amma a wajen injiniyan lantarki, duk garin da babban layin ƙasa bai kai gare shi ba tsibiri ne, domin dole ya samar da wutarsa a inda yake. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Najeriya miliyan 85 ba sa samun wuta daga babban layin. Waɗanda ke samu kuma suna raba abin da bai cika wuce megawat dubu 4 zuwa dubu 5 ba, a ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200. A watan Oktoban 2024, bayan an lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sannan wanda ya biyo ta Binuwai ya sami matsala, yawancin jihohin arewa sun yi fiye da mako guda a cikin duhu. A waɗannan kwanaki arewar ce gaba ɗaya ta koma tsibiri.

Abin da ke cike giɓin a karkara shi ne fetur da dizal: injin niƙa, injin casar shinkafa, injin ban-ruwa a fadama, da ƙaramin janareta na mai cajin waya da mai sayar da ruwan sanyi. Daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, a 2024 kuma ta haura naira dubu. Manomin rake da ke ba gonarsa ruwa da rani ya ji wannan a jikinsa kamar yadda mutumin tsibiri ke ji idan jirgin mai ya zo da sabon farashi. Ta wannan fuska kamannin ya fito sosai.

Ina tuƙar raken Makarfi take?

A nan ne hanyoyin suka rabu. Raken Mauritius na masana'anta ne, siriri mai tauri da yawan zare, kuma kusan dukkansa a bakin masana'anta yake ƙarewa, tuƙarsa ta taru a wuri guda. Raken ƙasar Makarfi kuwa, baƙi da fari, mafi yawansa na sha ne, mai kauri da laushi da yawan ruwa. Dillali yakan saye shi tun yana gona, a sare a ɗaure dami-dami, a loda a mota.

Saboda haka tuƙar raken Gubuci ko Gazara ko Hunkuyi ba ta zama a garuruwan. Tana zube ne a tashoshin mota da bakin kasuwanni da ƙofar gidaje a Kano da Kaduna da Legas da Maraɗi, cikin ƙasa da yawu, a hannun dubban masu baro da miliyoyin masu sha. Babu wanda zai iya tattaro ta. Abin da ya rage a gona shi ne ganye da kan raken, waɗanda dabbobi ke ci, a kuma cire iri daga ciki.

Kason da ake matsewa a gida shi ne na mazarƙwaila, kuma wannan sana'a ita ma tana da alaƙa da tsibirai. Marubuta tarihin mishan sun rubuta cewa a shekarun 1910, lokacin da 'yan mishan na CMS suka kafa zango a Gimi, wani malaminsu ɗan tsibiran Karibiyan mai suna W. A. Thompson ya koyar da matsar rake da inji da kuma dafa ruwansa ya daskare. Ciwon barci ya tarwatsa zangon bayan 'yan shekaru, amma sana'ar ta zauna, ta bazu a ƙauyukan Zazzau. An daɗe doki ne ke zagayawa yana juya injin, kafin injunan mai su karɓe shi.

Mai mazarƙwaila ya riga masana sanin darajar tuƙa. Yakan baza ta a rana ta bushe, sannan ya tura ta a murhu a ƙarƙashin kaskon da ruwan raken ke tafasa. Wato tuƙar da ke hannun mutanen yankin an riga an yi mata miji. Sau da yawa ma ba ta isa, sai an haɗa da kara ko itace, saboda buɗaɗɗen murhu yana zubar da mafi yawan zafinsa a iska. Ƙaramin injin matsa kuma ba ya fitar da ruwan duka, yakan bar zaƙi mai yawa a cikin tuƙar, a ƙone shi a banza, alhali babbar masana'anta takan tatse sama da kashi 90 cikin ɗari na sukarin da ke jikin rake.

A ƙasashen da suka fi kowa yin irin wannan sukari, kamar Indiya da Kolombiya, an gyara ginin murhun, ana jera kasake biyu ko uku a kan wuta guda da dogon bututun hayaƙi, har tuƙar ta ishi dahuwa ta yi saura. Wannan gyara ba lantarki yake bayarwa ba, amma yana rage saran itace, kuma shi ne matakin da dole a taka kafin a ce akwai rarar tuƙa a Makarfi.

Lissafin babbar masana'anta

A ƙaddara za a gina masana'antar da ke matse tan dubu na rake a kullum, wadda a ma'aunin duniya ƙarama ce ƙwarai. Idan aka sa mata tukunya irin ta Belle Vue, za ta iya fitar da rarar wutar da ta kai kimanin megawat 4 a lokacin aiki. Wannan zai ishi garuruwa da dama.

Kafin a kai ga haka, sai tirela fiye da talatin ta sauke rake a ƙofarta kowace rana, ba fashi, har tsawon kwana 150. Jimilla tan dubu 150 ke nan. Idan hekta guda tana ba da tan 60, ana buƙatar hekta 2,500 ta raken masana'anta, kuma a kusa, domin rake yakan fara asarar zaƙinsa kwana ɗaya ko biyu bayan sara. A yankin da gonakin fadama ƙanana ne, na gado, a warwatse a hannun dubban magidanta, haɗa wannan fili babban aiki ne.

Sai kuma farashi, wanda shi ne ya fi wuya. Masana'anta tana sayen rake ne a kan nauyi da yawan sukarinsa, ta kuma yi gogayya da sukarin Barazil. Mai shan rake a birni yana saye ne gaɓa-gaɓa. Muddin kasuwar sha ta fi tsoka, manomi ba shi da dalilin kai rakensa masana'anta, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Yankin ya taɓa ganin yadda masana'antar gona ke tsayawa. Gwamnatin jihar Kaduna ta kafa kamfanin sarrafa tumatir a Ikara a 1981, ta kuma kafa ƙaramar masana'antar sukari a Makarfi, dukkansu kuma sun shafe shekaru a rufe. Tashar lantarkin da aka jingina da masana'anta, ranar da masana'antar ta tsaya ita ma ta tsaya.

A matakin ƙasa ma haka zancen yake. An fara yin sukari a Bacita ta jihar Kwara a shekarun 1960, sai Numan ta jihar Adamawa, wadda kamfanin Dangote ya saya a farkon shekarun 2000, sai Sunti ta jihar Neja da shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a 2018. Babban tsarin bunƙasa sukari da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2012 ya yi hasashen samar da sukari kusan tan miliyan 1 da dubu 800 a shekara, tare da lantarki sama da megawat 400 daga tuƙa, cikin shekara goma. Wa'adin ya cika ba a kai ko kusa ba, aka sabunta shi. Sama da kashi 90 cikin ɗari na sukarin da ake sha a Najeriya ɗanye ake shigo da shi, akasari daga Barazil, a tace shi a Legas. Tuƙar wannan sukari tana can Barazil, tana ba mutanen ƙasar wuta.

Totuwa da ɓuntu

Idan babbar tukunyar tururi ta fi ƙarfin yankin a yanzu, hanya ta biyu, wato tanderun gas, an yi ta ne domin ƙaramin wuri. Ba sabuwar fasaha ba ce. A lokacin yaƙin duniya na biyu, da fetur ya yi ƙaranci a Turai, motoci kusan miliyan guda ne suka yi ta yawo da irin wannan tanderu a goye, suna cin itace da gawayi.

Misalin da ya fi kusa da halin ƙauyukan Zazzau ya fito ne daga jihar Bihar ta Indiya. A 2007 wasu matasa suka kunna tanderun ɓuntun shinkafa a wani ƙauye mai suna Tamkuha, daga nan aka kafa kamfanin Husk Power Systems. Injunansu na farko masu ƙarfin kilowat 32 ne, kowanne yana cin ɓuntu kimanin kilo 300 a rana, yana ba gidaje ɗari uku zuwa biyar wuta ta sa'o'i shida bayan faɗuwar rana.

Kilo 300 a rana abu ne da gari mai injin casa biyu ko uku zai iya samarwa. Jihar Kaduna tana sahun gaba a noman masara a Najeriya, kuma daga Paki zuwa Saulawa, daga Likoro zuwa Doka, bayan an sussuke masara totuwa takan taru tuli. Totuwa ta ma fi ɓuntu dacewa da tanderu, saboda tana da ƙwari, tokarta kuma kaɗan ce. Busasshiyar totuwa kilo ɗaya da rabi, ko ƙasa da haka, takan ba da kilowat-awa guda. Ana iya adana ta a rumbu har damina, abin da ɗanyar tuƙa ba ta jurewa.

Wahalar tanderu ita ce kwalta. Gas ɗin yakan fito da wani baƙin danƙo wanda idan ba a tace shi ba zai toshe inji cikin 'yan makonni. Tacewar tana buƙatar ma'aikaci a tsaye kullum, ruwan wankin kuma guba ne, bai kamata ya kusanci rijiya ko fadama ba. Gas ɗin kansa yana ɗauke da irin iskar nan marar wari da ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki. An kafa irin waɗannan injuna a ƙauyuka da dama na Afirka da Asiya da kuɗin agaji, da yawansu kuma suka tsaya bayan masu aikin sun tafi, saboda rashin makaniki da kayan gyara.

Shi kansa kamfanin na Bihar daga baya ya karkata ga hasken rana. Lokacin da ya shigo Najeriya ya buɗe ƙananan tashoshi shida a jihar Nasarawa a 2021, da farantan sola da batura ya zo. Dalili kuwa a fili yake: farashin farantan ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, kuma ba a ɗura musu komai. Duk wanda zai kafa tanderu a yau da sola zai yi takara, da rana kuma ba zai yi nasara ba.

Inda totuwa ke da abin cewa shi ne da dare, da kuma wajen manyan injuna masu jan wuta, inda batir ke da tsada, ga shi zafin arewa yana rage masa kwana. Tashoshin sola na ƙauye galibi sukan ajiye janaretan dizal domin irin wannan lokaci, kuma gurbin wannan dizal ne tanderu zai iya shiga. Lokacin ma ya dace, domin watannin da ƙurar hunturu ke dusashe hasken rana su ne watannin da totuwa da ɓuntu suka fi yawa.

Na wane ne karan?

Rahotannin da ake rubutawa a ofis sukan ninka yawan amfanin gona da wani adadi, su ce ga miliyoyin tan na shara da ake zubarwa. A ƙauyen Hausa ba a san wannan shara ba. Karan dawa da na gero shi ne danga da jinka da makamashin tuwo. Harawar wake da ta gyaɗa kuɗi ce, ana ɗaure ta a ɗora a kan bishiya ko rufin ɗaki a jira bazara. Totuwa ita ce itacen matar da ba ta da kuɗin itace. Abin da ya saura a gona kuma shi ne shanun Fulani ke kiwo bayan girbi, su bar taki a madadinsa, tsohuwar ma'amalar da raguwarta na cikin abubuwan da ke haddasa rikicin manoma da makiyaya.

Ƙasar kanta tana da haƙƙi. Gonar da ake kwashe mata komai shekara da shekaru takan gaji, ta kasa riƙe ruwa, ta ƙara neman takin zamani.

Cikin duk waɗannan, ɓuntun shinkafa ne ya fi kusa da zama marar mai shi, shi ya sa ake ganin tsibinsa yana ci da wuta a bayan injunan casa. Amma shi ma masu kiwon kaji suna saye domin shimfiɗa, kuma abin da ya faru a Indiya da Tailan ya nuna cewa da zarar tashar lantarki ta fara saye, abin da ake bayarwa kyauta yakan yi farashi, farashin kuma ya yi ta hawa. A Mauritius da Reunion manoma sun daɗe suna jayayya da masu masana'antu kan rabonsu daga kuɗin wutar, har aka ware musu wani kaso a kan tuƙar raken da suka kawo.

Abin da doka ta tanada

Ta fuskar doka an sami sauƙi idan aka kwatanta da zamanin NEPA, lokacin da hukuma guda ce ke da ikon samar da wuta da sayar da ita. Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ta kafa hukumar NERC mai sa ido, da hukumar samar da lantarki a karkara. A 2016 NERC ta fitar da ƙa'idojin ƙananan tashoshi masu zaman kansu da ba su wuce megawat ɗaya ba, waɗanda suka ba ɗan kasuwa ko ƙungiyar gari damar kafa tasha, su ja waya, su sayar da wuta a kan farashin da suka daidaita da jama'a. Ƙa'idojin sun kuma yarda a yi yarjejeniya ta ɓangare uku da kamfanin rarraba wuta, wanda a wannan yanki shi ne Kaduna Electric, a garin da ke da turaku da wayoyi amma ba ya samun wuta sosai. A 2023 an gyara tsarin mulki, aka kuma sa hannu a sabuwar dokar lantarki da ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu da kansu.

Wutar ƙaramar tasha ta fi ta babban layi tsada a kan kowace kilowat-awa, ko da yake ta fi ta janaretan fetur sauƙi. Kuma ƙwan fitila da cajin waya kaɗai ba sa riƙe tasha. Masu zuba jari sukan fara neman babban mai saye wanda zai sha wuta kullum ya kuma biya, kamar injin casa, ko injin niƙa, ko ɗakin sanyi na ajiye tumatir, ko turken sadarwar wayar salula. A garin da mai injin casa shi ne mai ɓuntun, shi ne kuma babban mai sayen wutar, ba a buƙatar motar dakon makamashi, sai dai baro.